Yadda Aka Ci Ƙarfin Kurkunu

Yaran da aka haifa a Nijeriya bayan shekarar 2008 ba su san kurkunu ba sai a bakin manya. Amma iyayensu da kakanninsu sun san shi sarai, don kuwa ya daɗe yana hana talakawa noma. Ya kamata mu ba da labarin yadda aka yi da shi, domin a cikinsa akwai abin koyi ga ko wane manomi.

Kurkunu wata tsutsa ce fara, siririya kamar zare, tsawonta ya kan kai yadi ɗaya. Idan ta tashi fita daga jikin mutum, sai wani bororo ya ɗago, galibi a ƙafa, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Sa'an nan ya fashe, kan tsutsar ya leƙo. Ba ta da maganin sha, ba ta da allura. Dabarar da aka gada tun zamanin dā ita ce a naɗe ta a jikin tsinke, a riƙa jan ta kaɗan kaɗan kullum, har ta fita duka. Wannan aiki ya kan ci makonni. In kuwa aka yi gaggawa ta tsinke, sai ƙafar ta kumbura, ciwon ya rure.

Babbar ɓarnarsa ita ce lokacin da ya kan zo. A ƙasashenmu na arewa da damina ya ke fitowa, daidai sa'ad da a ke noman firi da maimai. Sai ka ga maigida kwance a zaure, fartanya na jingine, ciyawa kuwa tana cinye gero. In ya kama mutum biyu ko uku a gida ɗaya, to, rumbun wannan gida ba zai cika ba a shekarar nan. Ba safai ya kan kashe mutum ba, amma ya kan gayyato yunwa da bashi.

A dā mutane ba su san mafarinsa ba. Waɗansu suna cewa a jini ya ke, waɗansu kuwa suna zargin sammu. Sai wajen shekarar 1870 wani masani mutumin Rasha, mai suna Fedchenko, ya gano cewa 'ya'yan tsutsar suna zama ne a cikin waɗansu ƙananan ƙwari na ruwan kwance, waɗanda da ƙyar ido ya ke ganinsu. Ga yadda abin ya ke. Mai kurkunu ya kan tsoma ƙafarsa a kududdufi don ya ji sanyi. Da tsutsar ta ji ruwa, sai ta zubo 'ya'yanta dubbai, ƙwarin nan su haɗiye su. Wani ya zo ya ɗebi ruwan ya sha. Ba ya jin kome sai bayan kamar shekara guda, watau damina mai zuwa. Wannan jinkiri shi ya sa ba wanda ya tuhumi ruwan sha.

Ilmin nan ya yi fiye da shekara ɗari bai isa ƙauye ba. A shekarar 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi su ke kamuwa da kurkunu ko wace shekara a Afirka da Asiya. A shekarar ce tsohon shugaban Amurka, Jimmy Carter, ya ɗauki yaƙi da shi, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatocin ƙasashe. Da aka bi Nijeriya ƙauye ƙauye ana ƙidaya daga 1988, an sami fiye da mutum 650,000 masu ciwon. Daga baya Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin, yana zaga ƙauyuka yana ganawa da sarakuna da talakawa.

To, da wane makami aka yi yaƙin? Mafi girmansu ƙyalle ne. Aka raba wa matan gida ƙyallen tacewa, su ɗaura a bakin tulu ko randa, ruwa ya wuce, ƙwarin su maƙale. Makiyaya da matafiya aka ba su ɗan bututu mai rariya, su rataya a wuya, su zuƙi ruwa da shi. Ko wane ƙauye ya zaɓi mutum nasa, aka koya masa wanke ciwon da ɗaure shi, da rubuta sunan wanda ya kamu, da hana shi shiga tafki. Inda hali ya yi aka gina rijiyoyi, aka zuba maganin kashe ƙwarin a kududdufai.

Hikimar ita ce, tsutsar ba ta iya tsallake shekara sai a cikin jiki. In ƙauye ya yi damina ɗaya ba wanda ya sha ƙwarin, zuriyarta ta yanke a wurin. Haka aka bi ta har aka ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a Nijeriya a 2008, a Jihar Enugu. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi, Gana kuma a 2015. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu a duniya duka, 9 daga cikinsu a Cadi, inda a ke ganinsa har a jikin karnuka.

Saboda haka, jama'a, kada mu raina ƙaramar dabara. Amma mu sani ƙyalle ba ya tare ƙwayoyin zawo da kwalara, don sun fi ƙwarin nan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Su sai an tafasa ruwa, an rufe randa, an gina masai nesa da rijiya. Manomin da ya tsare ruwan shan gidansa ya tsare hannuwan da za su yi masa noma.