Ɗigo Ɗaya a Kan Fata: Tarihin Gwajin Borin Jini Bayan Rigakafi

Ranar 8 ga Disamba, 2020, Birtaniya ta fara yi wa jama'a allurar korona ta Pfizer. A ranar, jikin ma'aikatan lafiya biyu ya yi bore wa allurar. Washegari hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta ce masu tarihin borin jini mai tsanani su dakata. Nan take tsohuwar tambaya ta dawo: wanda allurar farko ta tayar wa hankali, a yi masa ta biyu ko a bar shi babu kariya?

Hanyar neman amsar ta girmi tambayar korona da fiye da shekara ɗari. A 1873 wani likita a Manchester, Charles Blackley, ya wallafa yadda ya karce fatarsa ya shafa ƙurar furanni, wurin ya kumbura, ya gane abin da ke jawo masa mura duk bazara. Sai kuma Clemens von Pirquet, likitan yara a Viyana, ya lura cewa wanda aka sake yi wa lambar agana, fatarsa kan tashi da sauri fiye da karon farko. Jiki yana tuna abin da ya taɓa gani. A 1906 ya raɗa wa wannan sauyi sunan da ya zama alaji, kuma a 1907 ya fito da gwajin fata na tarin fuka.

Tsarin bai sauya sosai ba. A ɗiga abin da ake zargi a damtse, a soka fata kaɗan, a jira kamar minti 15. Idan wurin ya tashi kamar cizon sauro, akwai alamar jiki ya yi gaba da shi. A gefe akan ɗiga ruwan gishiri da sinadarin histamin domin kwatantawa.

Sau da yawa mai laifin wani sinadari ne da aka haɗa allurar da shi. A Japan, cikin shekarun 1990, an gano cewa jelatin ne ke tayar wa wasu yara bori. Da aka cire shi, matsalar ta ragu ƙwarai. Amma gwajin ya sha yin kuskure. An daɗe ana gwada yara masu borin ƙwai kafin allurar ƙyanda, har bincike a 1995 ya nuna suna karɓarta lafiya, aka daina.

Haka ta faru da korona. Zargi ya faɗa kan sinadarin PEG, asibitoci suka shiga gwada shi a fata. A Amurka an ƙirga mutum 21 da suka yi bori mai tsanani cikin allurai kusan miliyan 1.9 na farko. Daga baya aka ga cewa gwajin PEG ba ya hasashen da aka zata, kuma akasarin waɗanda suka sha wuya a karon farko sun karɓi ta biyu lafiya a gaban likita.

Saboda haka likitocin yau sukan fara da tambayar abin da ya faru da kuma bayan minti nawa, kafin su ɗauko ɗigon gwaji. Burinsu shi ne mutum ya kammala rigakafinsa, da allurar adirenalin ajiye a kusa.