Aska takwas: daga rigar sarakuna zuwa teburin telan zamani

Duk wanda ya shiga shagunan teloli a birnin Kano yau zai ga zanen aska a wuyan kaftani, a gaban doguwar rigar mata, har ma a jikin jaka. Wasu na ganin wannan zubar da martabar kayan sarauta ne. Amma tarihin wannan aiki ya nuna bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Ya sha sauya yadi da zare, ya kuma sha sauya hannun da ke riƙe da allura.

Babbar riga ta bunƙasa a ƙarni na 19, bayan jihadin 1804, lokacin da Daular Usmaniyya ta haɗa Kano da Zariya da Bida da Ilori a kasuwa guda. Riga ta zama kyautar da sarki ke karrama hakimi ko malami da ita. Ɗinkinta kuwa aikin mutane da yawa ne. Mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa ƙwarya, marini ya rina, maɗinki ya harhaɗa. Daga nan mai zane, wanda galibi malami ne ko almajirin da hannunsa ya saba da alƙalami, ya fitar da siffar aska biyu ko aska takwas a kan aljihu, da tambari a ƙirji da baya. Sai masu allura su shafe watanni suna cikewa, kafin a kai wa mabuga.

Tun a wancan zamani akwai baƙin kaya a cikin aikin. Ana amfani da zaren tsamiya na gida, ana kuma amfani da alharini, jan silikin da fatake ke ketowa da shi Sahara daga Tarabulus. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya kimanta tufafin da birnin ke fitarwa duk shekara da aƙalla wuri miliyan 300, ya kuma lura da yadda rigunan Nufe ke da daraja a kasuwar. Ke nan rigar da ake kira ta gargajiya ta tashi ne a tsakiyar cinikin ƙasashe.

Ƙarni na 20 ya zo da sauyi biyu. Shadda daga Turai ta ture saƙi da barage a wurin mafi yawan masu saye, sannan keken surfani ya gama a kwana kaɗan abin da hannu ke yi a watanni. Ganin haka masana suka fara tattara tsofaffin zane-zanen. David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazari mai zurfi a kan ɗinkin Hausawa, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976.

Sauyin da ya fi tasiri ya faru ne a cikin gidajen birnin Zariya. Daga wajen shekarun 1970 zuwa 1980, maza da yawa sun koma keke ko wasu sana'o'i, matan aure suka karɓi ɗinkin hannu na manyan riguna, sana'ar da a da ake ɗauka ta maza ce. Aikin ya dace da zaman kulle, domin ana iya yin sa a tsakar gida. Sai dai dillalai ne ke kawo yadi su kuma kai kasuwa, ladan mai allura bai taka kara ya karya ba.

A 1994 wasu daga cikin matan suka kafa ƙungiyar masu ɗinki ta Sarauniya Amina, tare da haɗin gwiwar Elisha Renne, masaniyar halayyar al'umma daga Amurka. Suka ɗauki zanen babbar riga suka ɗora a kan rigunan mata da jakunkuna da rigunan matashin kai, har kayansu suka kai kasuwar sana'o'in hannu ta duniya da ake ci a Santa Fe, a Amurka. Sun nuna cewa aska na iya barin aljihun namiji ba tare da ta rasa kwarjininta ba, kuma sayarwa kai tsaye na ƙara wa mai aiki rabo.

Yanzu injin ɗinki mai aiki da kwamfuta na kwafe zane ya buga shi sau ɗari ba kuskure. Zanen kansa ba ya cikin haɗari, ya ma fi da yaɗuwa. Abin da ke iya ɓacewa shi ne ilimin hannu: sunayen ɗinki, ƙa'idar jera aska, da sanin zaren da ya dace da kowane yadi. Wannan ilimi ba ya rayuwa sai idan yana ciyar da mai shi. Mai tsara tufafi a Kano ko Abuja ko Legas da ya sa aikin hannu a kayansa yana da zaɓi: ya ambaci garin da aka yi aikin, ya biya gwargwadon makonnin da ya ci, ko ya saye shi da arha ya liƙa sunansa shi kaɗai. Mai saye ma yana iya tambayar wanda ya yi ɗinkin kafin ya biya.