Inda Masu Rubuta Manhaja Ke Neman Taimako a Kafanchan

Rubuta manhajar kwamfuta, abin da samari ke cewa kodin, sana'a ce da ba ta yiwuwa sai da tambaya. Waƙafi ɗaya ya ɓace a layi, manhaja ta ƙi tashi, mutum ya kwana yana lalube.

Kafanchan ba baƙuwar wannan fanni ba ce. Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loco, wadda aka kafa a 1996, ta koya wa matasa kwamfuta, ta kuma kafa ZittNet don kai intanet karkara. A Kaduna kuwa akwai cibiyar CoLab, da aka buɗe a 2016, inda masu kodin ke haɗuwa.

Yanzu dai yawancin tambaya ta intanet ake yi: shafin Stack Overflow da ya fara a 2008, da GitHub, da zaurukan WhatsApp. Cikas ɗin shi ne kusan duk da Turanci ne, ga tsadar data, ga ɗauke wuta.

Don haka kada ka ɓata datarka da cewa "ba ya aiki" kawai. Kwafo saƙon kuskuren yadda ya fito. Faɗi ko Python ne ko JavaScript, da abin da ka riga ka gwada. Tura guntun da ya lalace kaɗai, ka goge kalmar sirri da bayanan wanda ya ba ka aikin, don sakaci ɗaya na iya raba ka da kwastoma.

Matambayi ba ya ɓata, amma fa sai ya iya tambayar.