Asalin Akwatin Gurnanin Jita

Wata rana a birnin Nashville na Amurka, ana ɗaukar waƙar Marty Robbins a faifai, sai injin ɗaukar sauti ya sami matsala, jitar Grady Martin ta shiga gurnani. Aka bar waƙar haka nan. Da faifan ya fito cikin 1961, makaɗa suka dinga neman wannan amo. Sai injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya ƙera ɗan akwati wanda makaɗi ke takawa da ƙafa, jita ta yi gurnanin da gangan. Kamfanin Gibson ya fitar da shi cikin 1962, amma bai yi kasuwa ba sai 1965, sa'ad da makaɗan Rolling Stones na Ingila suka yi kiɗa da shi. Har wa yau ana ƙera irinsa.