Igwar da aka ɗauka a kai zuwa Burma

Duk sojan da ya taɓa aiki da igwar turmi ya san ba ta da wani siddabaru. Bututu ne mai santsi a ciki, da faranti na ƙarfe da ake kafa shi a kai, da ƙafafu biyu masu tokare shi. A zura bam ta baki, ya sulale ƙasa ya daki ƙusar da ke gindi, ya tashi sama ya faɗo a bayan tudun da bindiga ba ta iya kaiwa. Wani injiniya ɗan Ingila, Wilfred Stokes, ya fito da wannan tsari a 1915, lokacin da sojojin Turai suka maƙale a ramuka suna neman abin da zai faɗo wa abokin gaba daga bisa. Bafaranshe Edgar Brandt ya gyara shi a 1927, faɗin baki milimita 81, kusan kowace ƙasa ta kwaikwaya.

Daga nan aka shiga gasar girma. Rasha ta ƙera mai milimita 120 a 1938, ta yi wa Jamusawa ɓarnar da sai da suka kwafe ta. Su kuma Jamusawan suka gina wata dodanniya, Karl, mai baki milimita 600, suka daki Sebastofol da ita a 1942 da Warso a 1944. Amurka ta zarce kowa da Little David mai milimita 914, wadda har aka gama Yaƙin Duniya na Biyu ba ta harba ko ɗaya a fagen daga ba.

Mutanenmu sun haɗu da wannan makami ne a inda taya ba ta da amfani. A ƙarshen 1943 Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, da 'yan Arewa a cikinta, ta kutsa kwarin Kaladan a Burma, daga baya Runduna ta 82 ta bi. Ba hanya, sai duwatsu da gora da ruwan sama. Abinci ma daga jirgi ake jefo shi. Manyan igwoyi sai su zama kaya. Wadda ta yi rana ita ce matsakaiciya ta Ingila mai inci 3, domin tana rabuwa uku: wani ya ɗauki bututu, wani faranti, wani ƙafafu, kowane a bisa gammo. Bayansu 'yan dako ne ɗauke da bama-bamai, kowane bam wajen kilo huɗu da rabi. Da an tsaya, a haƙe ƙasa a dasa faranti, bam na farko ya ƙara danna shi, sannan mai hange da ke can gaba ya riƙa aiko da gyara: ƙara kaɗan, koma dama. Littattafan yaƙi sun cika da sunayen hafsoshi Turawa, amma wuyan waɗannan 'yan dako ne ya kai igwar garin Myohaung a Janairun 1945. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya duba sojojin, barikin Chindit na Zariya kuma daga wannan yaƙi ya samo suna.

Yau yaƙin daji ya dawo gida, wannan karon da 'yan bindiga. Mutanen Damari da Sabuwa da Ƙanƙara sun ga yadda soja suka kafa babban sansani a Faskari a 2020, kuma a majalisa ana yawan cewa a kawo manyan makamai a share dajin kawai. Masu sana'ar ba sa saurin faɗin haka. Igwar turmi ba ta gani, inda aka ce mata nan take faɗawa, kuma a sansanin 'yan bindiga akwai waɗanda aka sace. In babu mai hange da sahihin labari daga mutanen gari, ƙara mata girma ƙara ɓarna ne.