Djibo Bakary: daga ƙungiyar ƙwadago zuwa akwatin zaɓe

An haifi Djibo Bakary a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Ya yi karatun malanta a makarantar William Ponty ta Senegal, ya koyar, sannan ya shiga jam'iyyar PPN-RDA. Da jam'iyyar ta sassauta wa Turawan mulki, sai ya raba gari da ita, ya koma cikin ƙungiyoyin ƙwadago, inda leburori da direbobi da ƙananan ma'aikata suka zama ƙashin bayansa. Da su ya kafa UDN a 1954, wadda daga baya ta zama Sawaba.

Ƙuri'ar talaka ce ta ɗaukaka shi. A 1956 ya zama magajin garin Yamai. A 1957 jam'iyyarsa ta lashe zaɓen majalisar ƙasa, ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Amma a zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958 ya nemi jama'a su ce wa De Gaulle a'a, su karɓi ƴancin kai nan take. Gwamna Colombani da akasarin sarakuna suka haɗe masa kai, ƙuri'ar "i" ta yi rinjaye da kashi 78 cikin ɗari, ya sauka. A 1959 aka haramta Sawaba, ya yi gudun hijira.

Ya dawo a 1974, ya sha ɗauri a zamanin Kountché. Da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, ko kashi 2 cikin ɗari bai samu ba: tsarar da ta san shi ta shuɗe. Ya rasu a Yamai a 1998.