Katin da ya kayar da manyan kwamfutoci a Madrid

Tun daga 1974 da aka fara gasar duniya ta kwamfutoci masu buga wasan dara na ces, manyan injunan jami'o'i da na cibiyoyin bincike ne ke cinye ta. A watan Nuwamban 1992, a birnin Madrid na ƙasar Sifen, labari ya sha bamban. ChessMachine ce ta zo ta ɗaya, na'urar da mutum zai iya saya da kuɗinsa ya kai gida. Wadda ta bi mata, Zugzwang ta Jami'ar Paderborn da ke Jamus, ƙwaƙwalen lissafi sama da 1,000 aka haɗa mata. Gaskiya ne Deep Thought, mai riƙe da kambun 1989, ba ta halarci gasar ba, amma wannan bai rage wa nasarar daraja ba.

Kamfanin TASC na ƙasar Holan ne ya fitar da ChessMachine a 1991. Kati ne da ake kwance murfin kwamfutar tebur a soka shi a ramin da aka tanada don ƙarin kaya. Yana ɗauke da ƙwaƙwalwarsa ta ARM da ma'ajiyarsa, kuma shi ke duk tunanin wasan. Aikin kwamfutar kawai ta zana allo, ta karɓi motsin ɗan wasa, ta adana wasannin. Ana loda masa manhaja daga faifai, ko Gideon ta Ed Schröder, wadda ta ci Madrid, ko The King ta Johan de Koning.

Wannan dabara ta burge ni ƙwarai, domin ta haɗa injin ces da kwamfutar tebur. Tun fitowar Chess Challenger a Amurka a 1977, da Mephisto na Jamus bayanta, kowace na'urar ces zaman kanta take yi, ba ruwanta da wata. Masu gwaji na ƙungiyar SSDF ta Suwidin, waɗanda ke auna ƙarfin injunan tun 1984, sun sha wahalar haka. Mutum zai zauna tsakanin alluna biyu, ƙaramar fitila ta kama a wannan, ya ɗaga doki ya ajiye, ya juya ya maimaita motsin a wancan, ya koma jira. Wasa ɗaya kan ci awowi. Sai da Chrilly Donninger na Ostiriya ya fito da tsarin Auto232 ne aka samu sauƙi, inda waya ɗaya ke haɗa kwamfutoci biyu su kwana suna fafatawa ba mai tsaron su.

Katin dai bai yi tsawon rai ba. Kamfanin Intel ya fitar da ƙwaƙwalwar Pentium a 1993, shekarar da ta biyo baya manhajar Chess Genius ta fitar da Garry Kasparov daga wata gasar gaggawa a Landan, sannan a 1995 manhajar Fritz ta ci gasar duniya ta kwamfutoci a Hong Kong a kan kwamfutar tebur zalla. Wa zai ƙara sayen kati mai tsada?

Abin da kwamfuta ta kasa maye gurbinsa shi ne allon katako da 'ya'yan da ake taɓawa da hannu. TASC ya yi SmartBoard mai gane kowane ɗa da gidan da yake, daga baya kamfanin DGT na garin Enschede ya mamaye kasuwar. Allunansa ne ake shimfiɗawa a manyan gasanni a yau, suna aika kowane motsi zuwa kwamfuta, ita kuma ta watsa shi ta intanet nan take.